Sanyaya katin girafik da ƙara masa gudu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da ke ta dawowa daga bakin masu son katin girafik ɗinsu ya daina zafi da ihu, ko ya ba da fiye da abin da ya fito da shi daga kamfani. Na fara da waɗanda ba sa buƙatar komai sai manhaja, kafin mu kai ga masu buƙatar sukundireba. Duk inda na ce digiri, na ma'aunin Selshiyos nake nufi.

Mene ne ƙara wa kati gudu, kuma me ya haɗa shi da sanyaya?

Ƙwayar GPU, wato babbar ƙwayar da ke tsakiyar katin mai sarrafa hoto, tana aiki ne bisa bugun agogo da ake ƙirgawa da MHz, haka ma memorin da ke kewaye da ita. Ƙara gudu, abin da 'yan harka ke kira obakulok, shi ne ka umarci ƙwayar ko memorin su buga sama da abin da aka tsara musu. A da kati gudu ɗaya gare shi, in ka ƙara ya ƙaru, shi ke nan. Amma tun 2012 da NVIDIA ta fito da tsarin GPU Boost a kan GTX 680, lamarin ya canza, AMD ma tana da irin nata. Yanzu kati da kansa yake ƙara wa kansa gudu, yana duban abu uku: zafinsa, wutar da aka yarda ya sha, da boltej. Wanda ya fara cika a cikin ukun shi ke taka masa birki.

Nan ne sanyaya ta shigo. Katin NVIDIA na zamani ba ya jira sai ya kai maƙura kafin ya sassauta, yana sauka ne mataki-mataki, kusan MHz 15 kowane mataki, yayin da zafi ke hawa. Kati ɗaya a digiri 60 ya fi kansa gudu a digiri 80 ba tare da ka taɓa ko maɓalli ɗaya ba. Shi ya sa na sa tambayoyin sanyaya a gaba. Wanda ya fara da jan lambobi alhali katinsa na tafasa, ya fara gini ne daga rufi.

Nawa ne ribar da zan samu, tsakani da Allah?

Ba ta da yawa. A yawancin katunan yanzu, in ka samu kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ka yi abin kirki, domin kamfanoni sun riga sun tatse mafi yawan abin da ƙwayar za ta iya. Gem ɗin da ke ba ka firem 60 a daƙiƙa zai koma 63 zuwa 66. In kuwa 30 yake ba ka kana mafarkin 60, babu obakulok ɗin da zai kai ka can, sai dai rage nauyin hoto a cikin gem ɗin ko sabon kati. Inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu sosai shi ne wajen rage ƙara da zafi, musamman ta hanyar rage boltej da na yi bayani can ƙasa.

Wane zafi ne ya yi yawa?

Lambobi uku ne, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko zafin ƙwaya na gaba ɗaya, wanda yawancin manhajoji ke nunawa. Katunan NVIDIA da yawa an saita musu digiri 83 a matsayin inda za su fara ja da baya sosai. Na biyu zafin wuri mafi zafi a cikin ƙwayar, wato hotsifot, wanda kullum ya fi na farko. A 2019 AMD ta fito ta ce digiri 110 a wannan ma'auni yana cikin ƙa'ida ga katunanta na RX 5700, a lokacin da masu katin suka fara tsorata da lambar. Na uku zafin memori. Nau'in GDDR6X na kamfanin Micron, wanda ya zo da RTX 3080 da 3090 a 2020, yana da zafin jiki, kuma a wajen digiri 110 kati kan rage gudu don ya kare shi.

Ni abin da na fi dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin na farko da na biyu. Digiri 10 zuwa 15 ba abin damuwa ba ne. In ta haura 20, tana neman 30, to ruwa ba ya tsami banza: ko man sanyaya da ake shafawa tsakanin ƙwayar da ƙarfen da ke kwashe mata zafi ya gudu daga wani sashe, ko ƙarfen bai zauna daidai a kan ƙwayar ba. Masu jerin RTX 50 su sani NVIDIA ta rufe wannan lamba ta hotsifot, manhajoji ba sa iya karanta ta yadda suke yi a tsofaffin katuna.

Waɗanne manhajoji nake buƙata?

Don gani: GPU-Z ko HWiNFO. GPU-Z tana da wani layi mai suna PerfCap Reason a katunan NVIDIA, wanda ke gaya maka kai tsaye abin da ke riƙe katin a wannan lokacin, zafi ne, wuta ce ko boltej. Don saiti: MSI Afterburner, wadda ba ta tsaya kan katunan MSI kaɗai ba, kuma tana zuwa da RivaTuner mai nuna lambobi a saman gem. Masu AMD suna da sashen saiti a cikin manhajar Adrenalin, ba sai sun nemi wata ba. Don gwaji: 3DMark, Unigine Superposition, da OCCT. FurMark tana da amfani wajen ganin iyakar zafi, amma nauyinta bai yi kama da na gem ba, kada ka yanke hukuncin ingancin obakulok da ita kaɗai.

Kafin ka taɓa komai, ka yi gwaji na minti ashirin ka rubuta makin da manhajar gwajin ta ba ka, zafi uku ɗin nan, gudun fanka, da wat nawa katin ya sha. Ka rubuta zafin ɗakin ma. In ba ka da waɗannan lambobi na farko, bayan ka gama wahala ba za ka san ko gyara ka yi ko ɓarna ba.

Me zan gwada kafin in kwance katin?

Ka cire murfin gefen akwatin kwamfutar ka sake gwajin. In zafi ya sauka da digiri bakwai ko goma, katin ba shi da laifi, akwatin ne ke shaƙe shi. Kati mai fanka biyu ko uku yana zuba iskarsa mai zafi ne a cikin akwati, in babu mai fitar da ita sai ya sake shaƙarta. Fanka biyu masu shigo da iska ta gaba ko ta ƙasa, ɗaya mai fitarwa ta baya, sun isa su canza lamarin. Sai ƙura. Ka haska tocila tsakanin zara-zaran ƙarfen, sau da yawa za ka ga ta yi kamar auduga a bakin inda iska ke shiga. Ka hure ta da gwangwanin iska ko abin hurawa na lantarki, amma ka dafe fankar da yatsa kada iska ta yi ta wulwula ta fiye da ƙima.

In katin dogo ne mai nauyi kuma ya ranƙwafa, ka sa masa madogara. Ranƙwafawar tana iya lanƙwasa allon har matsin ƙarfe a kan ƙwaya ya daina zama ɗaya.

Ba zan iya ƙure fanka kawai in huta ba?

Za ka iya, in kunnenka zai ɗauka. Daga wani mataki ƙarar tana ninkuwa alhali sanyin da take kawowa digiri biyu ne ko uku. Abin da ya fi shi ne ka zana wa fankar layin gudu a Afterburner ko Adrenalin: ta tashi a hankali tun daga wajen digiri 50, ta kai matakin da za ka iya jurewa a wajen 70, ka bar ƙurewa ga 80 zuwa sama. Kada layin ya yi tsaye da yawa a daidai zafin da katin ya fi zama, domin fankar za ta riƙa hawa da sauka, wannan kuwa ya fi ƙara mai ɗorewa damun mutum. In kuma ka ga fankar ta tsaya cak lokacin da ba ka komai, ba lalacewa ta yi ba, haka aka tsara katuna da yawa.

Yaushe ya kamata a canza man sanyaya?

Ba lissafin shekara ba ne, alama ake bi. In ka share ƙura, iska na shiga, amma zafi ya fi na da, ko tazarar hotsifot ta buɗe kamar yadda na faɗa a tambayar zafi, lokaci ya yi. Man yana lalacewa ta hanya biyu. Ko ya bushe ya tsattsage, ko ya gudu: ƙwayar da ƙarfen suna kumbura suna tsukewa duk lokacin da kati ya yi zafi ya huce, kuma ba da gwargwado ɗaya ba, sai wannan motsi ya riƙa turo man waje a hankali. Da ka buɗe za ka ga tsakiyar ƙwayar fayau kamar madubi, man ya taru a gefe. Kati sabo da ke aiki lafiya kuwa, a bar kaza cikin gashinta.

Yaya ake kwancewa da shafa sabon mai?

Ka fara neman hotuna ko bidiyon yadda aka kwance irin katinka sak, ba mai kama da shi ba. Ka ɗan yi gem na mintuna kafin ka kashe kwamfutar, mai ɗumi ya fi saurin saki. Ka cire wuta, ka taɓa ƙarfen akwati don sauke lantarkin jikinka, ka fitar da katin. Sukurorin ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ka zana hoton katin a takarda ka riƙa ajiye kowanne a gurbinsa. Sukuru mai tsawo a ramin gajere yana iya huda layukan allo. Huɗun da ke kewaye da ƙwayar, masu sifirin, su ake kwancewa kaɗan-kaɗan a gicciye.

Lokacin rabuwa shi ne mai hatsari. Kada ka ɓamɓare da ƙarfi, ka ɗan murza hagu da dama har ya saki, sannan ka buɗe kamar littafi, a hankali, domin siraran wayoyin fanka da na fitilu suna nan maƙale. Ka zare su ta kan filogin, ba ta jan waya ba. Ka goge tsohon man da sinadarin isofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko sama, da ƙyalle marar gashi. A gefen ƙwayar akwai wasu 'yan mitsi-mitsin sassa kamar ƙwayar gero, farce ɗaya ya isa ya tsige su, don haka a nan auduga mai tsinke kawai za ka sa.

Wajen shafawa, ka manta da ɗigo ɗaya a tsakiya da ake yi wa farfesa, wato CPU, babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Farfesar kwamfutar tebur tana da murfin ƙarfe mai baza zafi, ƙwayar GPU kuwa tsirara take, duk lungun da bai samu mai ba zai ƙone da zafi shi kaɗai. Ka shimfiɗa man siriri ya rufe ta kusurwa zuwa kusurwa. In ya ɗan yi yawa ba komai, matsi zai fitar da shi, ƙarancinsa ne matsala. Ka mayar da wayar fanka kafin ka rufe (kusan kowa ya taɓa mantawa sau ɗaya), ka ɗaure sukurori huɗun a gicciye, zagaye-zagaye, har su tsaya da kansu.

Wane mai ya fi? Kuma ruwan ƙarfe fa?

Tsakanin sanannun mayuka irin su Arctic MX-6 da Noctua NT-H2 da Kryonaut na Thermal Grizzly, bambancin ranar farko ɗan kaɗan ne. Bambancin gaske yana fitowa ne bayan watanni, kuma mai kauri ya fi mai ruwa-ruwa jure gudun da na ambata. Shi ya sa mutane da yawa suka koma PTM7950 na Honeywell. Wannan ba mai ba ne, siririn falle ne da ke narkewa a wajen digiri 45 ya cike gurbi, in ya huce ya sake daskarewa, don haka ba ya saurin gudu. Ana sa shi a firiji kafin a yanka don ledarsa ta ɓaru cikin sauƙi, kuma sai ya yi zafi ya huce sau da dama kafin ya nuna iyakar amfaninsa, kada ka yanke masa hukunci a awar farko. Jabunsa na da yawa a kasuwa.

Ruwan ƙarfe ya fi kowa kwashe zafi, har NVIDIA ta sa shi a RTX 5090 ɗin da ta ƙera da kanta, amma ita ta yi masa shinge na musamman. Yana ɗauke da galiyam, yana wuce da lantarki, ɗigo ɗaya a kan 'yan sassan gefen ƙwaya ya isa ya kashe kati. Kuma yana cin alminiyam har ya rududduge. In wannan ne karonka na farko, ka bar shi. Garin neman gira ake rasa ido.

'Yan katifun da ke kan memori, dole ne in canza su?

Waɗannan fad ɗin masu taushi su ke haɗa memori da sassan daidaita wuta da ƙarfen sanyaya. In sun fita lafiya ba su yage ba, kuma zafin memori bai dame ka ba, ka mayar da su yadda suke. In sun yage ko sun bushe, ko kana da kati mai GDDR6X da ke haura digiri 100, sai a canza. RTX 3090 na da nata ƙarin ciwon kai, domin rabin memorinta a bayan allo yake, farantin baya kaɗai ke sanyaya shi.

Kauri shi ne komai. Ana sayar da su milimita 0.5, 1, 1.5, 2 zuwa sama, kuma kati ɗaya kan yi amfani da kauri biyu ko uku a wurare daban-daban. Na taɓa sa na 2 a gurbin na 1.5, ina ganin rabin milimita ai ba wani abu ba ne. Memori ya yi sanyi ƙalau, ina ta murna, sai na duba hotsifot na ga ya wuce 100 cikin ƙasa da minti ɗaya, fanka na ihu kamar jirgi zai tashi. Da na sake buɗewa, rabin man da ke kan ƙwayar ko taɓa ƙarfen bai yi ba, har sawun shimfiɗar da na yi masa yana nan. Katifun sun ɗage ƙarfen sama. Tun daga ranar, bayan na sa sababbi nakan ɗaure, in sake kwancewa in duba sawu: man ƙwaya ya baje ko'ina, kowace katifa kuma ta nuna shatin abin da ta danna.

In ba ka samu ainihin kaurin ba, akwai mai kama da ƙullu wanda ake cusawa a gurbin, ya matse ya ɗauki kaurin da ya dace da kansa. Yana ɓata hannu, amma ya raba ka da ƙiyasi.

Buɗe katin zai kashe mini garanti?

Ya danganta da kamfani da kuma dokar ƙasar da ka saya. A Amurka hukumar kasuwanci ta FTC ta gargaɗi kamfanoni a 2018, ta sake a 2024, cewa sitikar nan mai cewa garanti ya mutu in an ɓare ta ta saɓa wa dokar garanti ta 1975. A wasu ƙasashen sitikar tana da ƙarfinta. Abin da ba ya canzawa ko'ina shi ne ɓarnar da ka yi da hannunka babu mai biya maka. Don haka in kati sabo ne kuma yana zafi fiye da ƙima, ka mayar da shi kafin ka ɗauko sukundireba. Duba tambaya ta ƙarshe don ganin dalili.

Ina son canza na'urar sanyayar gaba ɗaya. Wace hanya ce?

Mafi sauƙi, kuma wadda na fi so, ita ce ka bar ƙarfen katin, ka cire rufin robar da ƙananan fankokinsa, ka ɗaura fanka biyu na akwati masu milimita 120 da igiyar roba mai zage. Babbar fanka tana tura iska mai yawa a gudu kaɗan, ƙara ta faɗi sosai. Sai dai katin zai ƙara kauri, kuma kana buƙatar 'yar wayar da za ta haɗa su da filogin fankar katin, ko ka jona su a madabod, wato babban allon kwamfutar, ka sa manhaja ta bi zafin GPU. Akwai kuma manyan ƙarafa na daban irin su Raijintek Morpheus da Arctic Accelero, amma sun fi dacewa da tsofaffin katuna, ka tabbatar ramukan sukurunsu sun yi daidai da naka.

Sai ruwa. Akwai maɗauri irin Kraken G12 na NZXT da ke ba ka damar ɗora na'urar ruwa ta farfesa a kan ƙwayar GPU. Ƙwayar za ta yi sanyi sosai, amma memori da sassan wuta sun rasa ƙarfen da ke kwashe musu zafi, sai ka manna musu ƙananan ƙarafa. Mutane da yawa sun ga digiri 50 a allo suna murna alhali sassan wutar na dahuwa a ɓoye. Cikakkiyar hanya ita ce farantin ruwa mai rufe allon duka, irin na Alphacool ko EK, tare da famfo da lagireto da bututu. Ana ƙera kowane faranti ne don allo guda, katuna biyu masu ƙwaya ɗaya daga kamfanoni biyu ba lallai su shiga faranti ɗaya ba. Kada ka haɗa alminiyam da jan ƙarfe a zagayen ruwa ɗaya, za su ci juna. Kuma ka gwada yoyo na awoyi da famfo kaɗai kafin ka ba sauran kwamfutar wuta.

To, ta ina zan fara ƙara gudun?

Abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ka fara ɗaga iyakar wuta zuwa ƙarshen abin da katin ya yarda, wasu sukan ba da ƙarin kashi 10 ko fiye, wasu ko ɗaya ba sa bayarwa. Ka gwada, ka ga zafi. Sannan gudun ƙwaya: ka ƙara MHz 15 zuwa 30, ka yi gwaji, ka rubuta maki, ka sake ƙarawa. Ranar da gwajin ya faɗi ko hoto ya fara ɗige-ɗige, ka koma baya mataki biyu, ba ɗaya ba. Bayan ƙwaya ta zauna sai ka koma memori da manyan matakai, kamar MHz 100 kowane karo, amma ka karanta tambaya ta gaba tukuna. Layin ƙara boltej a katunan NVIDIA na yanzu kusan ado ne, kamfanin ya ɗaure shi, zafi yake ƙarawa fiye da gudu.

Kada ka kunna zaɓin nan na ɗora saitin da zarar Windows ta tashi sai ka yi kwanaki kana amfani da shi lafiya. Saitin Afterburner ba a cikin katin yake zama ba, in kwamfuta ta daskare ka kashe ka kunna, komai ya koma yadda yake.

Na ƙara gudun memori, babu abin da ya faɗi, amma makina ya ragu. Me ya faru?

Memorin zamani yana gane kuskure a bayanan da aka aiko, sai ya sa a sake aikowa. Da ka wuce abin da zai iya, maimakon ka ga zane-zane a allo kamar da, sai katin ya riƙa ɓata lokaci wajen maimaita aike, lamba ta hau, aiki ya ragu. Saboda haka a memori ba faɗuwa ake jira ba, maki ake bi. Inda makin ya daina hawa nan ne iyakarka, ka sauko kaɗan daga nan.

Ta yaya zan san saitin ya zauna daram?

Cin gwaji ɗaya bai isa ba. Na ga saitin da ya yi awa biyu a Superposition lafiya, ya faɗi cikin minti goma a gem mai amfani da fasahar bibiyar haske (ray tracing). Ka gwada da gem uku ko huɗu masu nauyi iri daban-daban, har da mai sauƙi, domin a gem mai sauƙi ne katin ke samun sararin hawa gudun da bai taɓa kaiwa ba a mai nauyi. Alamomin rashin zama: gem ya rufe kansa, allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, ko walƙiyar launuka. Baƙin allon nan Windows ce ke sake tayar da direba, wato manhajar da ke tuƙa katin, domin in katin ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba haka take yi. Masu NVIDIA za su ga sunan nvlddmkm a kundin abubuwan da suka faru na Windows. Kuma abin da ya zauna lokacin sanyi yana iya tashi lokacin zafi, ka bar wa kanka 'yar rata.

Me ya sa ake ta cewa rage boltej ya fi?

Saboda wutar da ƙwaya ke sha tana tafiya ne kusan da boltej sau kansa. In ka sauko daga bolt 1.05 zuwa 0.90 a gudu ɗaya, lissafi ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar ya tafi, zafi da ƙara su bi shi. Kamfani yana ba kowane kati boltej mai yalwa don ko mafi raunin ƙwaya ta yi aiki, kai kuma naka ɗaya ne, kana iya nemo ainihin abin da yake buƙata. Katin da iyakar wuta ke riƙewa yakan ma fi gudu bayan an rage masa, tunda ya daina cin karo da iyakar.

A Afterburner ka danna Ctrl da F, layin boltej da gudu zai fito. Ka zaɓi ɗigon milibolt 900 misali, ka ɗaga shi zuwa gudun da katin ya saba yi a gem, ka kwantar da duk ɗigon da ke damansa su zama layi miƙaƙƙe, ka tabbatar. In ya faɗi, ka rage gudun ko ka koma 925. A Adrenalin layi ɗaya ne za ka ja ƙasa kaɗan-kaɗan. A gaskiya wannan ma obakulok ne, don kana neman gudu mai yawa a boltej kaɗan, saboda haka duk gwajin da ke tambayar da ta gabata ya hau kansa.

Na kwafi lambobin wani mai kati irin nawa, ya ƙi. Nawa ne mai matsala?

A'a. Ko daga faifan silikon ɗaya aka yanko ƙwayoyi biyu, ba sa fitowa daidai, wata ta fi wata jure gudu a boltej kaɗan. Abin sa'a ne. Kamfani ya yi maka alkawarin gudun da ke jikin kwali kawai. Lambobin wasu su zame maka wurin farawa.

Na'urar ba da wuta tawa za ta ɗauka?

Ramin PCIe na madabod yana ba da wat 75, filogi mai fil 6 wat 75, mai fil 8 wat 150, sabon mai fil 16 kuma har 600. In katinka na da ramuka biyu ko uku na fil 8, ka ba kowanne wayarsa daga na'urar, kada ka yi amfani da waya ɗaya mai kai biyu a kati mai shan wuta. Sabon filogin kuwa ka danna shi har ya yi ƙas, babu rata ko ta gashi, kuma kada ka lanƙwasa wayar dab da bakinsa. Da aka fara samun narkewarsa a RTX 4090 a 2022, NVIDIA ta ce abin da ta fi gani shi ne rashin shigarsa har ƙarshe. In kwamfutar na mutuwa ɗif tsakiyar gem, ba daskarewa ba, sai ka ce an zare filogi, ka fi zargin na'urar wutar: katuna kan yi fizgar wuta ta ɗan ƙiftawa sama da abin da aka rubuta musu, ita kuma ta kare kanta ta yanke.

Zan iya kashe katin da wannan harka?

Da manhaja kaɗai, da wuya, domin iyakokin da aka gina a ciki ba sa barin ka wuce gona da iri. Katunan da suka mutu yawanci a kan tebur suka mutu: sukundireba ya zame, ruwan ƙarfe ya ɗiga, ruwa ya yi yoyo. Hatsari na gaba shi ne ɗora wa katin BIOS na wani kati, wato manhajar da ke zaune a cikin katin kansa, don samun ƙarin wuta. In bai dace ba katin ba zai nuna hoto ba, don haka ka adana na asali da GPU-Z, kuma ya fi kyau a yi a kati mai makunnin BIOS biyu. Masu yi wa allo walda don su ruɗi ma'aunin wuta kuwa, wannan wasan masu gasa ne da suka shirya asarar katin.

Na canza mai da katifu, na duba sawu, amma har yanzu yana zafi. Saura me?

Saura ƙarfen kansa. Bututun jan ƙarfen da ke ratsa shi ba dunƙulallu ba ne, akwai ɗan ruwa a ciki da ke zama tururi a wajen ƙwaya, ya tafi wajen zara-zaran ya huce ya dawo. In bututu ya huje ko ruwan bai isa ba, babu man da zai cece shi. Irin haka ta faru da wani rukuni na RX 7900 XTX ƙirar AMD, inda kamfanin ya amsa a farkon 2023 cewa matsalar daga ɗakin tururin na'urar sanyayar take, wanda ke aiki irin na bututun, ya kuma karɓi katunan ya canza. Gwaji mai sauƙi: yayin da katin ke aiki, ka kusantar da yatsa a hankali ga ƙarshen bututun ɗaya bayan ɗaya. In ƙwaya na nuna 85 amma wani bututu na nan da sanyinsa, shi ne ya mutu. Ka kuma gwada kwantar da akwatin a gefensa ka sake aunawa, in zafin ya canza sosai don kawai katin ya juya, ka samu mai laifin, sai neman wani ƙarfen ko ɗaya daga hanyoyin da ke tambayar canza na'urar sanyaya.